Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Duk wanda ya zagaya ɗakunan lacca na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da dare, ana saura mako guda jarrabawa, zai tarar da su maƙil da ɗalibai, kowa ya duƙufa kan littafi har asuba. Mai kallo sai ya zaci himma ce, alhali kuwa bashi ake biya, watau karatun wata uku da aka yi ta cewa "sai gobe". Ɗalibi yakan ga aiki ya yi masa tsiri kamar dutse, ya ji tsoron farawa, ya ɗauki waya don ya huta kaɗan, kafin ya farga yini ya tafi. Ranar da sakamako ya fito, uban da ya sayar da gero ko rago don biyan kuɗin makaranta shi ke kwana da baƙin ciki.

Maganin wannan cuta yana nan a makarantun allo na Kurfi da na Dutsin-Ma. Malam ba ya ɗora wa kolo izifi guda a zama ɗaya. 'Yan ayoyi ake rubuta masa, ya biya da safe, ya sake da yamma, kuma ba ya wanke allo sai ya kawo karatun gaban malam. Alhamis da Juma'a a huta. Da wannan kaɗan-kaɗan ake sauke izifi sittin, har wasu su haddace.

Binciken Turawa bai saɓa da wannan ba. A 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan an koyi abu, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka cusa a rana ɗaya zama a ƙwaƙwalwa. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, wani ɗalibi ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya ɗauki agogon girki ya yanka lokacinsa: minti 25 na aiki ba waiwaye, minti 5 na hutu, bayan zama huɗu a yi doguwar hutawa.

Ɗalibin Hausa zai iya yin haka ba tare da ya sayi kome ba, domin salloli biyar sun riga sun yanka masa yini. Tsakanin Magariba da Lisha akwai zama guda, bayan Asuba akwai biyu. Alal misali, rukunan aikatau bakwai da Parsons ya tsara a 1960, waɗanda ke firgita mutane, in an ɗauki ɗaya kowace rana, a mako guda an gama. Sharaɗi uku ne: a yanke abin da za a karanta tun kafin a zauna, a kashe waya, in an ƙare a rufe littafi a biya wa kai ko wa aboki, kamar yadda almajiri ke yi.

Wasu za su ce nazarin littafi irin Magana Jari Ce ko rubuta kundin digiri ba sa yiwuwa da ɗan gajeren zama. Gaskiya ne tunani mai zurfi na son lokaci, kuma wanda alƙalaminsa ke gudu ba dole ya tsaya don agogo ba. Amma mai jan ƙafa farawa ce ta gagare shi, kuma ran da ya ƙi yarda da yini guda yakan yarda da minti 25.

Malamai ma da nasu rabon. Idan aka bar dukkan gwaji sai ƙarshen zango, an buɗe wa kasala ƙofa. Ƙaramar tambaya kowane mako ita ce wanke allon jami'a, kuma ya kamata sassan Hausa su riƙe ta, domin yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya.