Tarbiyyar 'Yan Nazare: Gida da Aji Su Yi Magana da Baki Ɗaya

Yau muna so mu tattauna a kan ƙananan yaranmu, 'yan shekara 3 zuwa 5, waɗanda muke goya wa jaka kowace safiya mu kai su nazare.

Da yawanmu mun tashi ne a unguwanni irin su Jekadafari, Bolari, Herwagana ko Tudun Wada, ko kuma a garuruwan Kaltungo, Billiri, Dukku da Bajoga. A can ɗa na kowa ne. Yaro ya wuce dattijo bai gaishe shi ba, kafin ya isa gida an gyara masa zama, kuma uwarsa godiya za ta yi. A GRA zaman ya bambanta. Kowane gida da katangarsa da get ɗinsa, yaro na iya yin wata guda bai shiga gidan maƙwabci ba. Aikin da unguwa guda take yi a da, yanzu ya koma kan mutane ƙalilan: uwa, uba, 'yar aiki da antin aji. In waɗannan ba su haɗa baki ba, yaron ne zai rasa wadda zai kama.

Mu duba yadda abin yake faruwa. A aji anti ta koya masa ya jira layi, ya mayar da abin wasa inda ya ɗauko, ya ce na gode. Ya dawo gida ya watsar da takalmi a falo, wata ta bi bayansa tana kwashewa. Ya ɗaga wa 'yar aiki murya, a yi dariya a ce ai yaro ne. Wani lokaci kuma akasin haka ne: gida ya koya masa durƙusawa da gaisuwa, makaranta kuwa ta ɗauki tsawa da bulala hanyar ladabtarwa. Ɗan shekara 4 ba ya rarrabe dokar gida da ta makaranta. Abin da ya ga ana maimaitawa, shi yake ɗauka gaskiya. Kuma awa 4 ko 5 kawai yake yi a aji, sauran yinin duk a hannunmu yake.

Akwai kuma ma'aunin da ake auna makarantu da shi. In iyaye sun haɗu a wurin biki, abin da ake tambaya shi ne ko yaro ya fara Turanci, ko ya iya rubuta 1 zuwa 100. Makarantu kuɗi suke nema, don haka abin da iyaye suke tambaya shi suke sayarwa. Alhali Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda a bugunta na 2013 ta sa shekara guda ta share fagen firamare cikin ilimin bai-ɗaya, ta lissafa koyar da kyawawan ɗabi'u, tsafta, haɗin kai da zama da jama'a cikin manyan manufofin wannan mataki. Ta kuma ce ta hanyar wasa ake koyar da yara masu wannan shekaru.

Wannan ba ra'ayin gwamnati kaɗai ba ne. A shekarar 1962 an fara wani bincike a makarantar Perry da ke jihar Mishigan ta Amurka, da yara 123 'yan gidajen talakawa. Wasu an sa su a nazare mai tsari, malamai kuma suna ziyartar iyayensu a gida kowane mako, sauran ba a sa su ba. An ci gaba da bibiyarsu har suka kai shekara 40. Fifikon da 'yan nazaren suka nuna a gwajin ƙwaƙwalwa ya dusashe bayan 'yan shekaru, amma da suka girma sun fi samun abin yi, kuma ba su kai sauran shiga hannun hukuma ba. Masanin tattalin arziki James Heckman, wanda ya samu kyautar Nobel a 2000, ya danganta yawancin wannan bambanci da halayen da suka koya tun suna ƙanana, kamar kame kai da iya zama da mutane. A lura da cewa malaman nan har gida suke zuwa.

Mu a Gombe ba baƙin wannan darasi ba ne. Fulani suna da pulaaku, wanda ya ƙunshi kunya, haƙuri da hankali. Tangale, Tera, Waja, Bolawa da Hausawa kowa yana da tasa hanyar koya wa yaro girmama na gaba. Masallaci da coci duk a kan wannan suke wa'azi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa da ƙarfi karya shi yake yi. Duka yana sa yaro ya bar abu don tsoro, da an juya baya ya koma. Abin da ya fi tasiri shi ne a faɗa masa doka a taƙaice, a yaba masa nan take in ya kiyaye, in ya saɓa a ɗauke masa abin wasan na ɗan lokaci, kuma gobe ma a yi haka.

Wani zai ce aiki ya yi yawa, shi ya sa ake biyan kuɗin makaranta. Gaskiya ne da yawanmu ma'aikata ne, wasu a sakatariya, wasu a Asibitin Koyarwa na Tarayya, wasu a kasuwa. Sai dai tarbiyyar ɗan nazare ba ta buƙatar awanni na musamman. Tana cikin yadda muke amsa gaisuwar mai gadi, da yadda muke magana da direba a hanyar makaranta. Tana cikin wayar da ake miƙa masa don ya yi shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa 'yan shekara 2 zuwa 4 kada su wuce awa 1 a rana a gaban waya ko talabijin.

Shawararmu ita ce, a taron iyaye da malamai na gaba, kowannenmu ya nemi makarantar ɗansa ta rubuto ɗabi'u huɗu ko biyar da take koyarwa a wannan zango, da abin da take yi in yaro ya saɓa. A kawo takardar gida, a karanta wa duk wanda yake kula da yaron, har da 'yar aiki da kaka, a kuma ba su ikon tsawatarwa cikin mutunci. In mun je ɗauko yaro, mu tambayi anti yadda ya zauna da 'yan'uwansa yau, kafin mu tambayi abin da ya rubuta. In an kawo mana ƙarar ɗanmu, mu saurara tukuna.

A cikin unguwa kuma, mu ba juna izini a fili: duk wanda ya ga ɗan wani yana abin da bai dace ba, ya gyara masa da taushin murya, ya kuma sanar da iyayensa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa su zama abin alfaharin Gombe.