Faɗakarwa a Kan Ɗan Majalisar Jiha Mai Neman Kujerar Gaba

Amma ba'adu, ya 'yan'uwa almajirai da 'yan kasuwa, ku sani wata wauta ta yaɗu a cikinmu. Ɗan majalisar jiha ya shekara huɗu a kan kujera, sa'an nan ya fito neman sanata ko gwamna, ba mai tambayarsa me ya aikata a zauren majalisa. Sai ka ji ana cewa ya raba shinkafa, ya ba samari babura, ya zo mana ta'aziyya. Wannan ba ma'auni ba ne. Ɗan kasuwa ba ya danƙa wa yaronsa makullin rumbu domin fara'arsa, sai ya jarraba shi da ƙaramin jari ya ga lissafinsa. Malami ba ya biya wa almajiri gaba sai ya kawo na baya.

Ka sani, ya kai mai karatu, sharuɗɗan da doka ta gindaya kaɗan ne: mai neman sanata ko gwamna ya kasance ɗan ƙasa, ya cika shekara 35, ya yi karatu daidai da sakandare, jam'iyya ta tsayar da shi. Azzalumi yana iya cika waɗannan duka. Saboda haka sikeli na gaskiya yana hannun mai ƙuri'a.

To, me za ka auna? Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa majalisar jiha nauyi uku: ta yi doka, ta duba kasafin kuɗi kafin gwamna ya taɓa baitulmali, ta binciki yadda aka kashe dukiyar jama'a, har ta kira kwamishina ya amsa tambaya. Majalisa ita ce linzamin gwamna. Tambaya ta farko ke nan: shin wannan mutum ya taɓa ce wa gwamna a'a, a lokacin da faɗin a'a yake da tsada?

Dubi abin da ya auku. A shekarar 2010, da aka kawo gyaran tsarin mulki wanda zai ba majalisun jihohi ikon riƙe kuɗinsu ba tare da roƙon gwamna ba, aka rasa majalisu 24 da za su yarda. Linzami ya zaɓi doki ya ja shi. A Zamfara kuma majalisa ta yi dokar da ta yanka wa tsohon gwamna naira miliyan 10 kowane wata, ba a soke ta ba sai a Nuwamba 2019, bayan mulki ya canja hannu. Duk wanda ya ɗaga hannu ga irin wannan, ka tambaye shi hujjarsa.

Idan ka ce, ai ya haƙa mana rijiya, sai mu ce: da kuɗin wa? Idan na jama'a ne, haƙƙinku aka ba ku, har da sauran canji. Idan na aljihunsa ne, ka gwada albashinsa da gidajen da ya gina. Idan ka ce, ai ɗan garinmu ne, sai mu ce: kura ma 'yar dajinku ce, ba ku ba ta ajiyar nama ba.

Saboda haka in ya zo kasuwa neman goyon baya, ku zaunar da shi a inuwa cikin ladabi, ku tambaye shi huɗu. Wace doka ka kawo? Wane kasafi ka gyara? Wane bincike ka tsaya a kansa har ƙarshe? Me ka mallaka ranar rantsuwa, me ka mallaka yau? In ya amsa da lissafi, ku riƙe shi, ko da bai taɓa ba ku sisi ba. In ya amsa da ambulan, ku tuna wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin shekara huɗu ne.

Wanda ya tauye mudu ba zai cika buhu ba. Tammat.