BA WAYA MUKA RASA BA, SABIS MUKA RASA

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ta zama yayi a gabashin Sakkwato, kuma ya kamata mu daina yi mata tafi. Ɗan siyasa zai tara matasa, a kafa rumfa, a kira masu hoto, a raba wayoyin hannu, a ce an tallafa wa matasa sun shiga zamanin fasaha. Wani ma har ya ƙara da alkawarin waifai kyauta. Taro ya watse, yaro ya koma ƙauyensu a Rabah ko Goronyo da sabuwar waya, sai ya hau tudu ko ya fita bakin hanya kafin saƙon WhatsApp ɗaya ya wuce. Wannan shi ne tallafin?

Bari in tuna wa waɗanda suka manta. GSM ta shigo Najeriya a 2001. Kafin 2010 mu ma'aikata da 'yan kasuwar Sakkwato mun riga mun riƙe wayoyin da ke kama waifai. Nokia N95 ta fito a 2007, E71 ta biyo baya a 2008, ga BlackBerry da BBM ɗinta. Wanda ya riƙe E71 ya san ta: madannai kamar na kwamfuta, kyamara, imel, batiri mai daɗewa. Haɗa ta da waifai ba wani ilimi ba ne mai zurfi. Ka shiga saiti, ka sa ta laluba, ta nuna maka sunayen da ke kusa, ka zaɓa, ka rubuta kalmar sirri, shi ke nan. To amma in ka laluba a Wurno a lokacin, me za ta nuna maka? Babu komai. Yau wayar da ke hannun ɗan sakandare ta ninka E71 ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ka laluba a sakatariya ko asibitin karkara ka gaya min abin da ka gani.

Abin da masu alkawarin nan ba su faɗa wa mutane shi ne, waifai ba shi ne intanet ba. Waifai famfo ne kawai. Rautar da ake maƙalawa a bango tana watsa sabis ne 'yan mitoci kaɗan, cikin gida ko ofis. Dole sai an jawo mata intanet daga wani wuri, ko ta wayar fayba da ake binnewa a ƙasa, ko daga turken sabis mai 4G, ko ta tauraron ɗan'adam, sannan a ba ta wutar da ba ta yankewa. In babu bututu, babu rijiya, famfon zinare ma iska zai fitar. Mu da muke zaune kusa da madatsar Goronyo ai mun fi kowa sanin bambancin ruwa a dam da ruwa a gona.

Na san amsar da za a ba ni a ƙasa, domin na sha jin ta: wai mutanen ƙauye abinci da tsaro suke buƙata, ba intanet ba. Wanda ke faɗin haka yawanci daga Abuja yake rubutawa, da cikakken sabis a wayarsa. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba za a zaunar da shi aji ɗaya da ɗan Legas. Neman aikin soja, na ɗan sanda, na kwastam, duk ta intanet ne. Lokacin canjin kuɗi a farkon 2023, mai albasa da mai tafarnuwa sun ga yadda ciniki ke mutuwa a hannu saboda tiransifa ta maƙale. Mu a ofis, takardar da ya kamata a tura cikin minti biyu sai an saka mutum a mota ya kai ta Sakkwato, a kan hanyar da kowa ya san halinta.

Maganar tsaro kuwa, mun riga mun gwada zama babu sabis. A watan Satumba 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan, ciki har da Rabah, Goronyo, Isa da Sabon Birni, da nufin toshe wa 'yan bindiga hanya. Ranar 17 ga Oktoba na wannan shekarar aka kai hari kasuwar Goronyo, aka kashe mutum fiye da 40. Jama'a ba su da hanyar kiran jami'an tsaro, ba su da hanyar sanar da 'yan uwa. Ban musa cewa ɓarayin daji da masu kai musu rahoto suna amfani da waya ba. Amma wanda ya fi shan wahalar rashin sabis shi ne talakan da ba shi da bindiga, wayar nan ita ce kururuwarsa.

Kamfanonin waya riba suke bi, ba zan yi mamaki ba in sun fi son birni. A 2022 aka ƙaddamar da 5G a manyan birane irin su Legas, Abuja da Kano, mu nan muna fama da harafin E a saman waya. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, kuma mu ma ƙarin ya hau kanmu daidai da mutumin Maitama. Kuɗi ɗaya, sabis ba ɗaya ba. Saboda irin wuraren da kamfani ba zai je da kansa ba ne dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF. Wakilanmu na majalisar tarayya su fito su gaya mana, sau nawa suka je wannan asusu da sunan Wurno, Rabah da Goronyo? Turaku nawa suka nemo?

Abin da muke nema ba shi da yawa. A jawo fayba zuwa hedikwatar kowace ƙaramar hukuma, gwamnatin jiha ta yafe kuɗin haƙa hanyar binne ta. A saka waifai mai aiki da sola a babban asibiti, sakatariya da sakandare ɗaya aƙalla a kowace ƙaramar hukuma, a rubuta kuɗin datarsa na shekara cikin kasafi, domin kada ya mutu wata uku bayan yanke ƙyalle. A ba turakun da ke ƙauyuka tsaro yadda masu kai musu mai da gyara za su iya zuwa.

Rabah ce ta haifi Sardauna, Wurno ce makwancin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, mutumin da ya bar littattafai masu yawa. Abin kunya ne a ce jikokinsu sai sun yi tafiya zuwa Sakkwato kafin su cike fom.

Don haka duk wanda ya zo neman ƙuri'a da kwalin wayoyi, ku karɓa, ai kuɗinku ne. Amma kafin ya shiga mota ku tambaye shi: ranka ya daɗe, ina turken? Ku rubuto min sunan garinku a ƙasa da irin sabis ɗin da kuke samu, mu haɗa jerin mu miƙa musu.