"Masha Allah" Ba Sharhi Ba Ne

A azuzuwan koyon rubutu da suka cika WhatsApp da Telegram akwai wata al'ada da ke kashe marubuta a hankali, mu kuma mun raɗa mata suna ladabi. Ɗaliba za ta turo babin farko na labarinta, shafi goma, ta roƙi 'yan aji su duba mata. Kafin minti biyar sharhi ya zubo: "Masha Allah." "Allah ya ƙara basira." "Muna jiran ci gaba, Anti." Wa ya karanta shafi goma cikin minti biyar? Babu wanda ya gaya mata cewa mahaifin jarumar, wanda aka yi wa jana'iza a shafi na biyu, shi ne ke karin kumallo a shafi na takwas.

Ni sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce. A wajenmu ba a haɗa aikin mutum da na sauran ma'aikata sai wani ya bi shi layi-layi ya sa hannu. Wanda ya sa hannu bai karanta ba, ranar da abu ya lalace har da shi za a tuhuma. A 1996 rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya da tashinta, saboda an ɗora mata manhajar tsohuwar Ariane 4, wata lamba ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata, kwamfutar ta rikice. Labari dai ba ya fashewa a sararin sama. Mutuwa yake yi a hannun mai karatu a shafi na uku, marubuciyar kuma tana can tana ƙirga yabon da aka yi mata.

Za a ce kara ce, wai kada a karya wa sabuwar marubuciya gwiwa. Wace irin kara ce za ka ga mutum ya fito da riga a baibai ka ce masa ya yi kyau? Ranar da ta aika labarin gasar Hikayata, wadda BBC Hausa ke shirya wa mata tun 2016, alƙalai ba 'yan ajinta ba ne. Za su ajiye shi gefe ba tare da sun ce mata uffan ba. Abubakar Imam kansa bai tsallake gyara ba: Rupert East ya riƙa bin rubutunsa a Zariya lokacin da yake rubuta Magana Jari Ce a 1936. Mu ne muka fi Imam?

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, masu ganin gaskiya ba ta cika sai da gatsali. "Wannan shirme ne." "Ki koma ki koyi ƙa'idar rubutu." Su ma ba su karanta ba, kuma jirgi ɗaya ne ya kwaso su da 'yan Masha Allah. In wani ya turo mini saƙo cewa manhajata "ba ta aiki" kawai, ba abin da zan iya yi da shi. Sai ya faɗi inda ya danna, abin da ya zata zai gani, da abin da ya gani a zahiri. Haka sharhin labari yake: "A shafi na huɗu Hajiya ta yafe wa kishiyarta. Ban ga abin da ya sauya mata zuciya ba, daga nan na daina yarda da ita." Wannan jimla ba ta zagi kowa ba, ba ta kuma ƙwace alƙalamin marubuciyar ta sake mata labari ba. Yabo ma haka ya kamata ya zo: wace hira ce ta kama ka, a wane shafi?

Ga masu jagorantar waɗannan azuzuwa, ku kafa doka: duk sharhin da bai ambaci lambar shafi ba, a goge shi. Addu'a a yi ta, amma a ƙarƙashin lambar shafin.