ZAUREN ZANGO: Kunne Ya Ji, Jiki Bai Tsira Ba

 

Abin da ya sa na ɗauko maganar yau shi ne wani saƙon murya da gwaggona ta turo mini daga Kumasi wata Talata da asuba. Wani bawan Allah ne yake magana da Hausa, yana ta rantsuwa, wai akwai wata lamba da ke fitowa ja a fuskar waya, duk wanda ya ɗauka jini zai ɓalle masa ta hanci da kunne, wai har mutum bakwai sun riga mu gidan gaskiya. Bai faɗi garin ba, bai faɗi asibitin ba, balle ranar. Ya rufe da cewa, "Don Allah a tura wa 'yan'uwa, in kunne ya ji jiki ya tsira." Gwaggo ta tura wa duk wanda ke cikin wayarta, sannan ta daina amsa lambar da ba ta sani ba. Kwana biyu ɗanta da ke aiki a waje yana nemanta da sabon layi, ita kuwa tana kallon wayar tana ƙara, tana jan a'uziyya.

To, wannan labari ya girmi jikokin Gwaggo. Tun shekarar 1994, lokacin da yawancinmu ba mu taɓa ganin kwamfuta ba, wata wasiƙar imel ta zagaya Amurka da Turai tana gargaɗi cewa duk wanda ya buɗe saƙo mai taken Good Times, to kwamfutarsa ta mutu. Babu wannan cuta, ba a taɓa yin ta ba. Wasiƙar gargaɗin ita ce ta yi aikin cutar, domin ita ce ta riƙa tsalle daga wannan akwati zuwa wancan, mutane ne kuma ƙafafunta. A 1998 aka shiga yayin 90#, wai in wani ya kira ka ya ce ka danna waɗannan lambobi zai mallake layinka. Asalin maganar ya shafi wasu injinan haɗa waya na ofisoshi ne, amma masu turawa suka ɗora ta a kan wayar hannu, inda ba ta aiki sam. A 2000 aka ce kamfanin Ericsson zai ba da waya kyauta ga wanda ya tura wasiƙa ga mutum 8. Kamfanin ya ƙaryata, ba wanda ya ga ko murfin batir. A 2002 kuwa wasiƙar cewa ta yi a nemo wani fayil a kwamfuta a goge shi domin cuta ne, alhali na Windows ne, lafiyarsa ƙalau. Jama'a suka goge da hannunsu.

Ita lambar mutuwa a maƙwabta ta yi suna. A watan Yulin 2004 ta rikita Nijeriya, har kamfanin waya ya fito yana ƙaryatawa. A 2007 ta bayyana a Pakistan da Afganistan. A Satumban 2011 ta koma Nijeriya da lamba 09141, sai da hukumar sadarwa ta ƙasar ta ce wa jama'a su kwantar da hankalinsu. Wayar hannu murya take ɗaukowa ta iska, kamar akwatin rediyo, ba ta da hanyar tsinka wa mutum jijiya.

Mu ma nan Gana mun sha namu. Wa ya manta daren nan na Janairun 2010, 'yan kwanaki bayan girgizar ƙasar Haiti? Saƙo ya shiga wayoyi da sunan BBC da hukumar NASA ta Amurka, wai wani haske zai sauko daga duniyar Mars, a kashe waya. Kafin tsakar dare magana ta rikiɗe ta zama girgizar ƙasa. Ankara da garuruwa da dama mutane suka fito waje da tabarmi da jarirai, aka kwana a filin Allah, sauro ya yi biki. Gari ya waye, ƙasa tana nan inda take.

Wani zai ce, to Malam, ina laifi? In ƙarya ce ba a yi asarar komai ba, in gaskiya ce an ceci rai. Nan ne na saɓa da shi. Tsoro ma guzuri ne, yana ƙarewa. Wanda ya ƙarar da nasa a kan jar lamba ba shi da sauran da zai tari ɓarawon gaske, shi kuwa ɓarawon gaske ba ya zuwa da jini da rantsuwa. Da ladabi yake zuwa.

A makon da saƙon Gwaggo ke yawo, wani maƙwabcina mai sayar da kayan masarufi, wanda shi da kansa ya tura gargaɗin ga dukan masallacinmu, ya samu kira daga wani mai murya mai daɗi. Ya ce daga ofis yake, an yi kuskuren tura kuɗi cikin asusunsa na waya, za a rufe layin in bai gyara ba yanzu. Ya bi da shi mataki-mataki, har ya sa lambar sirrinsa. Kafin ya ajiye wayar, cinikin kwana uku ya tafi. Lambar ba ja ba ce, baƙa ce irin ta kowa.

Tun da aka fara tura kuɗi ta waya a ƙasar nan a 2009, waɗannan su ne barazanar da ke cin mutanenmu: mai neman lambar sirri, mai saƙon ƙarya na "kuɗi sun shigo", mai roƙon ka karanto masa lambobi shida da WhatsApp ya aiko maka don ya ƙwace asusunka ya riƙa bara da sunanka, da kuma baƙuwar lambar waje da ke ƙara sau ɗaya ta katse, in ka bi kira a zuƙe maka kati.

Ba kuma ina cewa waya ba ta kamuwa da cuta ba ne. Tun 2004 aka ga ta farko, mai suna Cabir, tana bin Bluetooth. A 2019 kamfanin WhatsApp ya bayyana cewa an yi amfani da kira ta manhajarsa wajen dasa na'urar leƙen asiri ta Pegasus, aka nufi mutum kusan 1,400, cikinsu da 'yan jarida da masu kare haƙƙin jama'a. Amma ku duba bambanci. Sanarwar gaskiya ta zo da sunan mai ita, da ranarta, da maganinta, wato a sabunta manhaja. Ba ta ce a tura wa mutum goma ba.

Abin ya fi mu illa a zango saboda dalili guda. Iyayenmu da yawa ba sa karanta Turanci, kuma sanarwar hukuma ba kasafai take zuwa da Hausa ba. Saboda haka abin da ya iso musu da harshenmu, da muryar ɗan'uwa daga Kano ko Yamai ko Yawunde, shi ne labari. Gwaggo ba baƙon nan ta gaskata ba, wanda ya turo mata ta gaskata. Duk lokacin da ka danna turawa, sunanka ne ka sa a matsayin shaida.

Don haka kafin ka tura, tambayi saƙon abu uku: wa ya faɗa, yaushe, a ina? In ya kasa amsawa, kuma yana gaggauta ka, to a wayarka ya kamata ya kwana. In kana shakka, ko an riga an cuce ka, hukumar tsaron intanet ta ƙasa tana da lamba 292. Ku kuma samari masu boko, ku zauna da tsofaffinku ku gaya musu da Hausa cewa lambar sirri kamar makullin ɗaka ce, ba a ba ko wanda ya ce daga ofis yake.

Gwaggo dai ta ɗauki wayar ɗanta a rana ta uku, bayan ya biyo ta wayar maƙwabta. Ta ce mini ita yanzu ba ta tura komai sai gaisuwar Juma'a. Na ce Gwaggo, wannan kam a ci gaba.