Kafin ku hau kwalekwale, ku tambayi ruwa nawa ne

Yawon kwalekwale ya zama abin yayi. Da an yi hutun Sallah ko an gama jarrabawa, sai ka ga TikTok ya cika da bidiyon samari da 'yan mata a dam ɗin Tiga ko tafkin Kainji, ruwa kwance kamar tabarma. To amma fa mu gaya wa kanmu gaskiya: a cikin masu ɗaukar hoton nan, mutum nawa ne suka tambayi yadda ruwan yake a ranar kafin su sa ƙafa a jirgi?

Kwanciyar saman ruwa ba ta nuna abin da ke ƙasa. Idan kogi ya cika, yakan yi gudu a ƙasa ko da samansa shiru ne, ya kwaso gungumen itace, ya shanye gaɓar da kuka saba sauka. Idan kuma ya ja baya, kututture da tudun yashi ne ke jiran jirgi. A watan Yunin 2023, sama da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi na jihar Kwara, suna dawowa daga biki cikin dare, jirgi maƙare da jama'a.

Kada wani ya ce ai ba a yi ruwan sama ba. Kogi ba ya jiran hadarin garinku. Idan aka saki ruwa daga Kainji, Jebba ko Shiroro, waɗanda ke ƙasan madatsar za su ga ya ƙaru rana tsaka. Haka kogin Binuwai yake idan Kamaru ta buɗe madatsar Lagdo, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2012 da ta 2022. Shi kuwa kogin Neja sau biyu yake cika: cikar damina, sannan ruwan da ke tasowa daga Gini, wanda ke isowa Yamai da Kebbi a tsakiyar hunturu. Wato a watan Janairu, kana sanye da rigar sanyi, kogi a cike yake.

Mene ne abin yi? Wayar da kuke ɗaukar bidiyo da ita za ta iya wannan aikin. Hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, tana kuma sanarwa idan koguna sun ƙaru. NiMet na bayar da hasashen yanayi, ku duba na ranar tafiya, don iska kaɗai ta isa ta kifar da kwalekwale a tafki. Da kun isa gaɓa, ku gaida Sarkin Ruwa ko masunta, ku tambaye su: ruwa ƙaruwa yake ko raguwa? An saki dam? Ina ne ba a bi? Mai tambaya ba ya ɓata.

Sannan a kiyaye dokar NIWA: rigar kariya a jikin kowa, banda lodi, banda tafiyar dare. Iya iyo ba hujja ba ce, gwani ma yakan gaji.

Idan aka ce muku ruwa ya cika yau, ku haƙura ku koma gida. Kuɗin mota ne kawai ya tafi, kogin kuma yana nan sati mai zuwa.