Sharhi: Shekara Guda a Ɗakin Bincike Kafin Shiga Jami'a

Sharhinmu na yau ya leƙa birnin Hannover na ƙasar Jamus.

Duk shekara idan watan Satumba ya kama, wasu matasa da ba su daɗe da gama sakandare ba sukan zura farar riga su shiga ɗakunan gwaje-gwaje na jami'ar koyon likitanci ta birnin, wato MHH. Ba a ɗauke su karatu ba tukuna. Aikin sa kai suka zo yi na wata goma sha biyu, a ƙarƙashin shirin da Jamusawa ke taƙaitawa da FWJ.

A wannan jami'ar aka fara shi a 2011, shekarar da Jamus ta dakatar da aikin soja na dole, kuma jihar Lower Saxony, inda Hannover take, ta yaye rukuni biyu na 'yan sakandare lokaci guda. Matasa sun yi yawa, guraben karatu sun yi kaɗan. An ɗora shirin ne kan tsohuwar al'adar shekarar hidimar jama'a, mai doka tun 1964, wadda ke kai matasa asibitoci da gidajen tsofaffi.

To, me yaro ɗan shekara 18 zai tsinana a wurin masana? Da farko dai ƙananan ayyuka: ya liƙa suna a jikin kwalabe, ya auna ruwan magani ɗigo-ɗigo, ya canza wa ƙwayoyin halitta abincinsu a ɗan faranti, ya rubuta komai a littafi. Wani lokaci ya shafe mako yana fama, ranar Juma'a a duba a ga gwajin bai yi ba. A sake daga farko. Nan amfanin abin yake, domin wanda ya ɗanɗana wannan haƙurin ya san abin da yake nema kafin ya cike takardar jami'a. Wasu sukan fita da ƙudurin zama masu bincike, wasu kuma su ce a kai kasuwa.

Akwai kwanaki 25 na bita, ana kuma biya musu inshorar lafiya. Sai dai kuɗin kashewa, kimanin Yuro 400 a wata, da ƙyar yake biyan hayar ɗaki a birni kamar Hannover. Wanda iyayensa ke kusa, ko suke da hali, shi ya fi samun sukunin shiga.